Faifan da Ɗalha Bai Yaba Ba

Kamfanin faifai na Zaure bai taɓa mallakar ofis ba. Ɗakin gaba ne na wani tsohon gidan katako a unguwar Glenwood ta garin Greensboro a Amurka, an toshe tagoginsa da katifu, an rataya barguna a bango, in bas ta zo wucewa sai a dakata da ɗaukar waƙa har ƙararta ta mutu. Amma daga wannan ɗaki ne, tun daga shekarar 1978, ƙananan faifai masu rawayar takarda a tsakiya suka riƙa fita suna shiga shagunan aski da gidajen rawa da tashoshin rediyon baƙaƙen fata, daga Greensboro har Durham da Danville.

Mutum biyu ne kamfanin. Cleon Mebane, mai gyaran lasifikokin coci-coci, shi ne kunne. Yana da tsohuwar na'urar ɗaukar murya mai juya tef, kuma yana iya tsinto tsirkiyar jita ɗaya da ta saki a cikin makaɗa bakwai. Ɗalha Garzali shi ne baki. Daga Gwarzo ya zo karatun ƙasar noma, ya kama hayar ɗakin baya a gidan. Wata rana ya fito da butarsa zai yi alwala, sai ya ji wasu samari huɗu ma'aikatan masaƙar auduga suna haɗa murya a ɗakin gaba, ya tsaya jingine da bango har ruwan butar ya huce. Shi ya raɗa wa kamfanin suna. Ya ce wa Cleon a garinsu ɗakin da ke bakin ƙofa, inda ake sauke baƙo a saurari abin da ya zo da shi, zaure ake ce masa. Cleon ya juya kalmar a bakinsa, ya ce ta yi kama da sunan turare, a buga ta haka.

Ga yadda suke aiki. Cleon ya ɗauki waƙa, a aika tef ɗin wata masana'anta a can Tennessee, bayan 'yan makonni kwalaye su dawo suna warin sabon roba. Daga nan sai Ɗalha ya loda su a but ɗin mota ya bi tashoshin rediyo ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin kamfani ba ya da wata hanya sai wannan. In mai saka faifai a rediyo bai sa waƙarka ba, to ba a haife ta ba.

A nan ne wani abu da aka taɓa dukan Ɗalha a kansa ya zama arzikinsa. Yana yaro, ranar kasuwa, yakan bi maroƙa yana haddace yadda suke ɗaga mutum da baki har ya ji ƙasa ta yi masa kaɗan. Mahaifinsa ya kama shi ya zane shi, ya ce su ba gidan roƙo ba ne. To a Amurka wa ya san gidan wa? Sai ya shiga tasha da kwat ɗinsa da hular zanna, ya zauna, ya gaida mai saka faifai gaisuwa ta gaske, ya tambayi ƙafar mahaifiyarsa, ya tambayi ɗan da ke soja. Sai an sha kofi sannan ya zaro faifai, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Wannan yaron da za ka ji, masaƙa ce ta raine shi," in ji shi. "Akwai auduga a maƙogwaronsa. In ya ja baiti sai ka ji kamar an buɗe maka ƙofar gidan da ka baro tun kana ƙarami."

Wa zai ji haka bai ɗora allura a kan faifan ba? Kafin a yi shekara uku masu saka faifai na yankin sun kafa wa kansu doka ba su sani ba: abin da Ɗalha ya yaba, a sa shi. Ba su taɓa kama shi da ƙarya ba, domin bai taɓa yabon abin da bai ratsa shi ba.

Vernell Alston ta fara zuwa ɗakin ne a matsayin mai amshi. Tana aiki a masaƙa, tana waƙa a coci ran Lahadi, doguwa ce mai ɗan tabon ƙuna a wuyan hannu, kuma ba ta dariya sai abin ya cancanci dariya. Ranar farko ta tambayi Cleon sunan mai hular. Cleon ya ce shi dai Farfesa yake ce masa, don sunan yana da wani harafi a gaba da ke shaƙe mutum. Ta ce a'a, mutum da sunansa. Ta sa Ɗalha ya maimaita mata, ta gwada, ta kasa, ta koma gida tana gwadawa, a gaban injin saƙa tana gwadawa, har ranar da ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce "Ɗalha" sak kamar 'yar Gwarzo. Tun da ya sauka daga jirgi ba wani ɗan ƙasar da ya kira shi daidai. Ya ji abin ya sauka a ƙirjinsa kamar ruwan sanyi a azumi. A ranar ya san an gama da shi.

Aka ɗaura aure a 1981 a falon Malam Dabo, dattijon da ke koyar da lissafi a jami'a, wanda duk ɗaliban Arewa ke ɗauka a matsayin uba. Matarsa Anti Mero ta dafa tuwon garin masara, dangin Vernell suka zo da kaza da ganye, aka ci aka ƙoshi.

Daga wannan rana sunan Vernell ya ɓace daga bakin Ɗalha a gaban mutane. Bai zauna ya yanke shawara ba. Haka ya tashi ya gani. Bai taɓa jin mahaifinsa ya ambaci sunan mahaifiyarsa ba, kuma bai taɓa shakkar cewa tsohon zai iya shiga wuta dominta ba. Abin da ka fi so shi kake rufewa. Mutumin kirki ba ya zama a cikin maza yana yabon matarsa, ko ɗansa na fari, ko gonarsa. In ta shigo situdiyo sai ya ce, "Ga mutuniyar nan." In an ce ta yi ƙoƙari sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana dai taɓawa." A ɗaki, su biyu, yakan kira ta a hankali, kamar mai tsoron kada sunan ya fashe. Ita kuwa ta ɗauka kunyar ango ce, za ta wuce.

A bazarar 1983 ta zo da waƙarta ta kanta. Waƙa ce a kan mace da ke tsayawa a ƙofar masaƙa duk lokacin tashi daga aiki, tana duba fuskokin maza, alhali ta san nata ya tafi arewa ba zai dawo ba. Piyano ne da ganga da jita, sai muryarta, wadda ta fara daga ƙasa kamar tana yi wa kanta magana, ta riƙa hawa har ta kai inda mutum ke riƙe numfashi yana jin tsoron kada ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Da aka gama Cleon ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya daɗe yana kallon tef ɗin da ke juyawa.

"Farfesa," ya ce, "duk abin da muka yi a ɗakin nan share fage ne. Wannan ce."

Ɗalha ya fita bayan gida ya tsaya a gindin bishiya, don kada a ga idanunsa.

Faifai biyu suka fito a wannan karon, nata da na wani saurayi mai suna Purvis, mai waƙar rawa. Ɗalha ya loda su ya kama hanya. A tasha ta farko ya yi gaisuwarsa, ya sha kofinsa, ya zaro na Purvis ya yi masa kirari har mai saka faifai yana buga tebur. Sannan ya sa hannu a jaka ya taɓa ɗayan. Ga maganar nan cike da ƙirjinsa, ta fi duk wadda ya taɓa yi, tun a mota yake jera ta. Sai ya ji harshensa ya yi nauyi, kunnuwansa sun ɗau zafi, kamar an ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ajiye faifan a gefen tebur, ya tura shi da yatsa biyu.

"Akwai wannan ma," ya ce. "In ka samu sarari."

Haka ya yi a Winston-Salem, haka a Durham, haka a Danville. A ransa yana cewa ai abu mai kyau ba ya bukatarsa, duk wanda ya ɗora allura zai ji da kansa. Bai yi tunanin cewa ba za a ɗora allurar ba. Mutanen da ya koya wa doka sun bi dokar. Farfesa ya yi shiru a kan faifai, to faifan cikon kwali ne. Waƙar Purvis ta cika gari duk damina. Ta Vernell ta kwanta a ƙarƙashin tarin takardu a tashoshi da yawa, da ledarta ba a ɓare ba.

Ba ta yi ƙorafi ba. Takan kunna rediyo tana guga, ta saurara har shiri ya ƙare, ta kashe. Sau ɗaya ta ce, "Ƙila ta yi sanyi da yawa. Yanzu rawa ake so." Ya ce Allah ne ke da lokaci. Ta daina rera waƙa a kicin. Wannan ya lura da shi, kuma ya fi komai cin ransa, amma bai haɗa shi da yatsunsa biyu ba.

Sai a bazarar da ta biyo baya, cocinsu Vernell ya yi taron suyar kifi a wani fili a Summerfield, bayan wata gonar dawakai. Royal Tatum ya zo, mai shirin safiyar Asabar a ƙaramar tashar da duk wani shagon aski a Greensboro ke kamawa, ƙaton mutum mai farar hula da muryar da ke girgiza faranti. Aka roƙi Vernell ta yi baiti ɗaya kafin a ci abinci. Ta yi. Royal ya zo da kifinsa a hannu yana share ido da bayan hannu.

"Yarinya, da wannan muryar kike zaune a masaƙa? Farfesa, ka ji kunya. Me ya hana ku yi mata faifai?"

"Ai an yi," in ji Vernell. "Tun bara. Yana wurinka."

Royal ya dubi Ɗalha, ya dube ta, dariyar ta fara janyewa daga fuskarsa. "Wanne? Mai rawayar takarda da ya zo tare da na Purvis? Ai bai ce komai a kansa ba. Ya tura mini shi kamar takardar tara. Na ɗauka 'yar wani ce aka yi wa alfarma."

Aka watse, suka shiga mota. Rana tana dukan gilashi, shingayen gonaki suna wucewa. Sai da suka fara ganin gidajen gari ta yi magana, muryarta a kwance.

"A ko'ina haka ka yi?"

"A ko'ina."

"Ba ta yi maka ba ke nan."

"Ban taɓa jin abin da ya kai ta ba."

"To ka faɗa wa wa?"

Ya yi ƙoƙarin bayyana mata. Ya yi maganar mahaifinsa, da kunya, da yadda a garinsu ake gane girman so da girman shiru. Tana saurare, tana murza tabon hannunta.

"Na yarda haka ne a garinku," ta ce. "Amma ni a nan aka haife ni, Ɗalha. Kakata ta yi shekaru tana wanke-wanke a gidan mutanen da ba su taɓa kiran ta da sunanta ba. 'Yarinya' suke ce mata har ta yi furfura. Ni in an ƙi faɗin sunana, abin da nake ji ke nan. Na yi watanni ina koyon naka a gaban inji, mata suna mini dariya."

Ta juya ta kalli taga, ta ci gaba.

"Yayata ta daɗe tana kirana in zo Philadelphia. Akwai wanda ke son jin tef ɗin a can. Ban tafi ba saboda na ɗauka waƙar ce ba ta kai ba. Royal ya ce ka zo shirinsa ran Asabar, zai sa ta. Ka je. Ka yi mini abin da ka yi wa Purvis, ba ƙari. Ka faɗi sunana gari ya ji. In ba za ka iya ba, ka ba ni tef ɗina in kai inda za a iya."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi Malam Dabo gida. Anti Mero ta kawo shayi ta ƙi komawa ciki, ta zauna a hannun kujera da carbinta. Ɗalha ya zayyana musu komai, idonsa a kan kafet.

Malam Dabo ya gyara tabarau. "Wato a rediyo. Kowa yana ji."

"Kowa, Malam."

"Kai, abin da nauyi. Ba za a iya rubutawa wani ya karanta ba?"

"Ji shi," in ji Anti Mero. "Ɗalha, ka zo neman magani wurin wanda ya fi ka ciwo. Wannan da ka gani, ranar da aka kwantar da ni asibiti, nas ta tambaye shi sunana, sai ya tsaya yana laluben fasfo a aljihu."

"Ai na samo fasfon."

"Ka samo. Ni ina kwance ina mutuwa, kai kana nuna hoto."

Malam Dabo ya yi murmushi cikin gemunsa. Ita ma ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ajiye carbin a cinya ta dubi Ɗalha.

"Ƙanena, ni na san abin da shirunsa ke nufi, don uwata ta koya mini karanta shi. Ita yarinyar nan wa ya koya mata? Ka ɗauko ta daga danginta ka kai ta inda ake magana da shiru, ba ka ba ta tafinta ba. Kuma wannan ba zancen ɗaki ba ne kaɗai. Sana'arka ce yabo. Ka yi wa bare, ka hana na gida. Ko a Gwarzo wannan ba kara ba ce."

"In na buɗe baki, Anti, sai in ga Baba a gabana."

"Baba yana kabari, Allah ya ji ƙansa. Ita tana kicin ɗinka."

Malam Dabo ya raka shi har mota. Ya dafa kafaɗarsa, ya buɗe baki kamar zai ba da shawara, sai ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam Ɗalha."

Tashar tana saman wani shagon kayan gini, ɗaki ne ƙarami mai warin taba da kofi. Royal ya zaunar da shi gaban makirfo, ya nuna masa jar fitilar da in ta kama duk gari na ji. Faifan na kan na'ura, an share masa ƙura. Ɗalha ya san a wannan lokacin Vernell tana zaune a kicin gaban rediyo, Cleon yana situdiyo, Anti Mero ta ƙure muryar rediyonta a falo.

Fitila ta kama.

"Jama'ar Greensboro, yau ga Farfesa da kansa, mai kamfanin Zaure, mutumin da zai iya sayar wa kifi da lema. Farfesa, me ka kawo mana?"

Ya fara da kyau. Ya yabi mai piyano, ya ce yatsunsa kamar ruwan sama na farko a kan kwano. Ya yabi Cleon. Ya yi maganar ƙofar masaƙa da ƙarfe uku na rana, yadda mata ke fitowa da auduga a gashi, yadda kowace a cikinsu ke da wanda take jira ko wanda ta daina jira. Royal yana gyaɗa kai, yana juya yatsa a iska, ci gaba, ci gaba. Saura ita. Ɗalha ya ji zafin nan ya taso daga wuyansa. Ya riƙe gefen tebur.

"Ita kuwa mai waƙar," ya ce, muryarsa ta ragu, "ba zan iya yabonta ba. Duk waɗanda na kawo maka, Royal, na yabe su ne don ina da inda zan tsaya daga nesa in kalle su. Wannan ba ni da wurin tsayawa. Duk inda na juya a cikinta nake."

A rayuwarsa bai taɓa faɗin magana mai tsiraici irin wannan ba. Gumi ya jiƙa masa hula.

"To, to," in ji Royal a hankali. "Faɗa wa mutane sunanta."

Ɗalha ya buɗe baki. Sunan yana nan, gaɓa biyu ta numfashi, ya sha faɗinsa a cikin duhun gashinta. Ya ga jar fitila, ya ga shagunan aski cike da maza, ya ga zauren gidansu da dattawa a kan buzu sun juyo gaba ɗaya suna kallonsa. Shiru ya fita ta makirfo ya shiga kowane gida. A rediyo ba abin da ya fi shiru tsawo. Royal ya jira iyakar abin da mai shiri zai iya jira, sannan ya sunkuya ya karanta daga rawayar takarda.

"Vernell Alston, jama'a. 'Yar garin nan."

Ya ɗora allura. Fitila ta mutu. Piyano ya shigo, muryarta ta biyo daga ƙasa, ta cika ɗan ɗakin. A ƙarƙashin waƙar, makirfo a kashe, Ɗalha ya faɗi sunan. Royal ya ji, ya kau da kai yana gyara wasu takardu.

Yana shiga gida waya tana ƙara. Anti Mero ce, muryarta a dashe. Ta ce ta yi kuka har ta jiƙa mayafi, ta ce Malam ya tashi ya bar falon don kunya, ta ce ita ba ta taɓa jin ɗa namiji ya faɗi irin wannan a bainar jama'a ba. Ya yi godiya ya ajiye. Wani ɗan bege ya motsa a ransa.

Vernell tana zaune a kicin, rediyo a kashe, hannuwanta a kan tebur.

"Ta yi daɗi a rediyo," ta ce. "Ban san za ta yi daɗi haka ba."

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Ka ce ba za ka iya yabona ba. Sannan aka tambaye ka sunana, Royal ya karanta daga takarda."

"Abin da ke tsakanin waɗannan biyun fa?"

Ta ɗago ta dube shi, idanunta cike, ba fushi a ciki, wanda da akwai da ya fi sauƙi. "Na ji shi ma. Na san daga ina ka ciro shi. Na san kana sona, Ɗalha, ban taɓa shakka ba. Amma na zauna a nan ina ƙirga shirun nan da bugun zuciyata, ina cewa yanzu, yanzu. Ba zan iya tsufa ina wannan jiran ba."

Shi da kansa ya je situdiyo ya ɗauko tef ɗin. Cleon ya sauko da kwalin daga kanta, ya goge shi da hannun riga, ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya saki.

"Ka san me kake fitarwa daga ɗakin nan?"

"Na sani."

"Ni ban gane ku ba, Farfesa. Wallahi ban gane ba." Kalmar rantsuwar a bakin Ɗalha ya koye ta. Ya juya ya ci gaba da naɗe wata waya da ba ta bukatar naɗi.

Ta tafi a lokacin kaka, ganye na zuba a titunan Glenwood. Da farko tana kiran waya duk mako, daga baya duk wata. Ba wanda ya yi wa wani mugun baki. Auren ya kwance a hankali, kamar ɗinkin da aka ja zare ɗaya.

Zaure ya ƙara fitar da 'yan faifai. Amma zamani ya juya. Ganga ta koma inji, matasa suka koma kaset, manyan kamfanoni suka saye ƙananan tashoshi suka riƙa aiko musu da jerin waƙoƙi daga nesa, ba mai ikon ɗora allura don wani mai hula ya zo ya yi masa daɗin baki. Purvis ya shiga soja. Royal ya yi ritaya. A 1986 Cleon ya sayar da na'urarsa ga wani coci, mai gida ya ba wa ɗalibai hayar ɗakin gaba. Ɗalha ya koma ɗakin gwajin ƙasa na jami'a, yana auna yumɓu da taki, kuma abokan aikinsa sun san shi a matsayin mutum mai ƙarancin magana.

Wata ranar Talata da rana yana tuƙi a High Point Road, gilashi a sauke saboda zafi, sai piyanon ya fito daga rediyon mota. An sake wa waƙar kiɗa, an sa gangar inji da wasu kayan ƙyale-ƙyale, wani kamfanin Philadelphia ne ya fitar. Amma muryar ita ce, ta ɗakin katifu, ta ranar nan. Ya ratse ya shiga filin farko da ya gani, na masu sayar da tsofaffin motoci, ya tsaya a tsakanin tutoci masu kaɗawa.

Wani dillali mai jan wuya da gajeren hannun riga ya taho yana murmushin ciniki. Ya sunkuyo ta taga zai fara magana, sai ya tsaya, ya karkata kai.

"Kai, wace ce wannan?"

Ɗalha ya dube shi. Baƙo ne, bai san Gwarzo ba, bai san Zaure ba, gobe ba zai tuna fuskarsa ba.

"Vernell Alston," ya ce. Ya fito sumul, ba wahala, har abin ya ba shi tsoro. "A garin nan aka haife ta. A masaƙa take aiki lokacin da ta rubuta wannan. Saurara nan, inda za ta hau. Kowa a nan yake karyewa, ita sai ta ƙara buɗewa, kamar wadda aka ce ta yafe kuma ta yarda. Ba a yi muryar da ta kai ta ba a jihar nan, kuma na ji su duka."

Ya ci gaba. Duk abin da ya jera a mota a kan hanyar Durham da Danville ya zubo, baiti bayan baiti. Dillalin ya jingina da ƙofar mota yana saurare har waƙar ta ƙare, aka shiga tallar katifa.

"Ka san ta ke nan," ya ce.

"Na san ta."

Mutumin ya gyaɗa kai, ya ɗan bubbuga rufin motar, ya dubi tayoyin. Ya tambaya ko yana tunanin canza ta. Ɗalha ya ce a'a, tana tafiya. Ya kashe rediyon, ya jira motoci suka rage, ya hau titi.